Hular LA da ƙungiyar da ke bayanta: tarihin Dodgers

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sa hular nan mai ruwan bula da aka rubuta LA a goshinta, ina zaton tambarin gari ne kawai. Kwanan nan wani abokina ya ce ai ta wata ƙungiyar besbol ce mai suna Dodgers, kuma wai ba ta da wani tarihi, kuɗi kawai take zubawa tana sayen kofi. Don Allah a ba ni tarihinta da labarin fitattun 'yan wasanta, a kuma gaya mini ko maganar abokin nawa gaskiya ce." Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce: wace ce Dodgers, kuma shin kuɗi ne kaɗai ya ɗaga ta. Abokinka ya yi daidai a kan hular, ta Los Angeles Dodgers ce, kamar yadda mai NY ɗin nan da ta cika kasuwanninmu take ta New York Yankees. Su biyun kuwa tsofaffin abokan hamayya ne, sau 12 suna haɗuwa a wasan ƙarshe na cin kofi. A maganar kuɗi ma yana da hujja, kuma zan zo kanta. Amma cewa ba ta da tarihi, nan kam ya yi nisa da gaskiya. Na koyi wannan wasa lokacin da nake karatu a Amurka, na ci gaba da bin sa bayan na dawo gida, har ina koya wa yara a filin makaranta, kuma abin da na fahimta game da Dodgers shi ne ƙungiya ce da ta saba zuwa neman 'yan wasa a inda sauran suka ƙi zuwa. Wannan ɗabi'a ta girmi kuɗin da take da shi yanzu da shekaru masu yawa.

Kafin mu shiga, ga wasan a taƙaice don labarin ya zauna. Kowane ɓangare mutum 9 ne. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗoriya, ya jefa ƙwallo, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda. In ya buga sai ya ruga tasha ta ɗaya, daga nan ta biyu, ta uku, ya dawo gida, shi ne maki ɗaya. In ya buga ƙwallon ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, shi ake kira hom ran, zai zagayo abinsa ba mai tare shi. In aka fitar da mutum 3 sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi har zagaye 9. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar, kowace tana wasa 162 a kaka, sannan zakarun rukunoni biyu su haɗu a World Series, wanda ya riga cin wasa 4 cikin 7 shi ne da kofi.

Zamanin Brooklyn

Ba a Los Angeles aka haife ta ba. An kafa ta a 1883 a Brooklyn, wadda a lokacin gari ce mai zaman kanta kafin a haɗe ta da New York a 1898, ta kuma shiga National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyun, a 1890. Titunan Brooklyn cike suke da taragon lantarki da ke bi ta tsakiyar hanya, mutane kullum cikin kauce musu suke, shi ne aka laƙaba wa mutanen garin da ƙungiyarsu sunan masu kauce wa tarago. Daga nan Dodgers ya fito, ko da yake sai a 1932 aka rubuta shi a rigar 'yan wasa. Kafin nan ta amsa sunaye da dama, har da Bridegrooms, wato angwaye, saboda 'yan wasanta da yawa sun yi aure kusa da juna.

A shekarun farko ba a san ta da cin kofi ba, an san ta ne da abin dariya. Kocinta daga 1914 zuwa 1931, Wilbert Robinson, mutum ne mai ƙiba da fara'a, tsohon mai cafe ƙwallo, wato wanda ke tsugunawa bayan mai bugu yana cafe jifa. A 1915, suna atisaye a Florida, ya ce zai cafe ƙwallon da za a jefo daga jirgin sama. Matuƙiyar jirgin, Ruth Law, ta tashi, amma abin da ya faɗo ba ƙwallo ba ne, ƙaton lemo ne irin garehul. Ya fashe masa a ƙirji, ruwan ya wanke masa fuska, ya kwanta yana ihu yana zaton jininsa ne. Sai kuma Babe Herman, gwanin bugu wanda bai damu da duba gabansa in yana gudu ba. A watan Agustan 1926 ya yi bugu mai kyau, ya sunkuyar da kai ya yi ta gudu, da ya ɗago sai ga su uku a tsaye a tasha ta uku: shi, da Chick Fewster, da Dazzy Vance. Tasha ɗaya kuwa mutum ɗaya take ɗauka, aka fitar da biyu nan take. Har yau in ina koya wa yara gudu tsakanin tashoshi, da wannan labarin nake farawa, don yaro ba ya manta shi: ka dubi wanda ke gabanka kafin ka ƙara taki.

Filinsu, Ebbets Field, an buɗe shi a 1913, ƙarami ne, mutum 32,000 ko kusa da haka yake ɗauka, 'yan kallo na jin numfashin 'yan wasa. 'Yan wasan a cikin unguwa suke zaune, ana haɗuwa da su a shago. Akwai wata mata, Hilda Chester, da ta shekara da shekaru tana zuwa da ƙararrawar shanu tana kaɗawa, muryarta ta fi ƙararrawar ƙarfi. Akwai 'yan kiɗa na sa-kai da ke raka alƙalan wasa da kiɗan tsokana. Magoya bayan su da kansu ke kiran ƙungiyar 'yan zaman banza, amma kai baƙo ba ka isa ka faɗa ba. Sun sha wuya ƙwarai: Yankees ta doke su a World Series a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953. A 1951 suna gaba da wasa 13 a watan Agusta, New York Giants ta kamo su, Bobby Thomson ya yi hom ran ɗin da ya kore su a wasan raba gardama. Bayan shekara 50 aka tabbatar Giants ta riƙa leƙen alamun da mai cafewa ke yi wa mai jifa da madubin hangen nesa. Duk shekara maganar Brooklyn ɗaya ce: a jira baɗi.

Jackie Robinson

A nan zan daɗe, domin in ba a fahimci wannan ba, ba a fahimci Dodgers ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ba a barin Baƙar fata ya buga a babbar gasar. Ba doka ce a rubuce ba, yarjejeniya ce ta masu ƙungiyoyi. Baƙaƙen fata suna da tasu gasar, Negro Leagues, cike da gwanaye. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, lauya ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ya yanke shawarar karya wannan shinge. Ya aika masu sa ido suka yi ta bincike a asirce, suka dawo masa da sunan Jackie Robinson na Kansas City Monarchs.

Robinson ba shi ne gwanin da ya fi kowa a Negro Leagues ba. An zaɓe shi ne saboda abin da ya wuce wasa. Ya yi karatu a jami'ar UCLA inda ya yi fice a wasanni huɗu, ya yi laftanar a soja, kuma a 1944 an gurfanar da shi a kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar bas a Texas, kotun ta wanke shi. Mutum ne mai zuciya, ba ya ɗaukar raini. Da suka zauna da Rickey a watan Agustan 1945, sharaɗin da aka gindaya masa shi ne mafi wuya ga mai irin halinsa: duk zagin da za a yi masa, duk cutar da za a yi masa a fili, kada ya rama. Ya amince. Ya yi shekara ɗaya a Montreal ta Kanada, sannan ranar 15 ga Afrilun 1947 ya fito a Ebbets Field da lamba 42 a bayansa.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Wasu abokan wasansa sun tattara sa hannu cewa ba za su buga tare da shi ba, aka murƙushe yunƙurin. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya sa 'yan wasansa suka yi ta jifansa da munanan kalamai. Masu jifa na auna jikinsa, masu gudu na taka shi da ƙusoshin takalmi, wasiƙun barazanar kisa na zuwa, wasu otal-otal sun hana shi kwana tare da ƙungiyarsa. A haka ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 1947, ya zama gwarzon National League gaba ɗaya a 1949. Salon wasansa ma sabo ne a gare su: in yana tasha ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ta rawa yana rikita mai jifa, kuma sau 19 yana rugowa daga tasha ta uku ya shige gida tun kafin a buga ƙwallo. Ya rasu a 1972 yana da shekara 53, ciwon suga da na zuciya sun ci ƙarfinsa. A 1997 aka ajiye lamba 42 a duk ƙungiyoyin gasar, yanzu kuma duk ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sawa.

Shin Rickey don tsoron Allah ya yi, ko don riba? Abin da ke zuciyar mutum Allah ne masani, ni dai abin da aiki ya nuna nake iya dubawa, kuma aikin ya nuna duka biyun. Bai biya Monarchs ko sisi a kan Robinson ba, kuma ɗibar gwanayen da aka shiga yi daga baya ita ta durƙusar da Negro Leagues, wadda kasuwanci ce ta Baƙaƙen fata. Ta ɓangaren riba kuwa, dubi lissafi: Don Newcombe, Joe Black da Jim Gilliam, duk daga Negro Leagues, sun zama gwarazan sababbin 'yan wasa a 1949, 1952 da 1953. Roy Campanella, shi ma daga Negro Leagues, ya zama gwarzon gasa sau 3. Daga 1947 zuwa 1956 Dodgers ta kai World Series sau 6. Boston Red Sox kuwa sai 1959 ta sa Baƙar fata na farko a fili.

Baɗin da ake jira ya zo a 1955. A wasa na 7 da Yankees, matashi Johnny Podres ya hana su ko maki ɗaya, aka tashi 2 da nema. Wanda ya ceci wasan Sandy Amorós ne, Baƙar fata ɗan Kuba, da ya yi gudu mai nisa ya miƙa hannu ya cafe bugun Yogi Berra na Yankees a lungun fili. Shi ne kofin World Series ɗaya tilo da Brooklyn ta taɓa ci.

Ƙaura, da abin da ta ci

Shekara biyu bayan haka ƙungiyar ta tattara ta bar garin. Ka ɗauka a wayi gari a ce Kano Pillars ta koma Legas da sunanta da 'yan wasanta, sai dai ita wannan tafiyar ta kusan kilomita 4,000 ce. Mai ƙungiyar, Walter O'Malley, yana son sabon fili a tsakiyar Brooklyn, jami'in da ke riƙe da tsarin gine-ginen New York, Robert Moses, ya ƙi, ya ce sai dai a Queens, wani yanki dabam na New York. Los Angeles kuma ta yi tayin fili. Har yau ana jayayya a kan wa ya fi laifi. A nawa ganin dukansu suna da kaso, amma O'Malley ne ya sa hannu, kuma ƙungiyar ba asara take yi ba lokacin da ya ɗauke ta. An yi wasan ƙarshe a Ebbets Field a Satumban 1957, aka rushe shi a 1960.

Filin da aka ba su ma yana da nasa ciwon. Chavez Ravine unguwanni ne na Amurkawa 'yan asalin Meziko. Hukumar gari ta tashe su a farkon shekarun 1950 da alkawarin gina gidajen talakawa, aka soke aikin, daga baya filin ya koma hannun Dodgers. A watan Mayun 1959 aka fitar da iyalan da suka rage da ƙarfi, talabijin na nuna jami'ai sun ɗauko wata mata, Aurora Vargas, daga gidansu. A kan wannan ƙasa Dodger Stadium yake, an buɗe shi a 1962, yana ɗaukar mutum 56,000. Ina son ƙungiyar nan, kuma ba na ba da tarihinta in tsallake wannan.

Koufax da Fernando

Sandy Koufax Bayahude ne ɗan Brooklyn, bahago. Shekarunsa 6 na farko ba abin a zo a gani, ya ci wasa 36 ya faɗi 40, ƙarfi kamar me amma ba saiti. A atisayen 1961 mai cafe masa ƙwallo, Norm Sherry, ya ce ya rage ƙarfi ya nemi saiti. Wannan ita ce shawarar da na fi maimaita wa yara, domin duk yaron da ya ɗauki ƙwallo so yake ya nuna ƙarfin damtse, sai ya sassauta kafaɗa yake ganin jifar ta ƙara sauri da kanta. Daga nan Koufax ya zama abin tsoro. Sau 4 yana gama wasa ba wanda ya yi masa bugu mai kyau ko ɗaya, a 1965 kuma ya fitar da masu bugu 382. A wannan shekarar wasan farko na World Series ya faɗo ranar Yom Kippur, ranar azumi da tuba ta Yahudawa, ya ce ba zai yi jifa ba. Ƙungiyar ta faɗi wasan. Ya dawo ya hana abokiyar karawarsu Minnesota maki a wasa na 5, ya huta kwana biyu kacal, ya sake hana su a wasa na 7. Ya yi ritaya yana da shekara 30 saboda ciwon gwiwar hannu. Bayan shekara 8 likitan Dodgers, Frank Jobe, ya ciro jijiya daga hannun daman wani mai jifa, Tommy John, ya dasa masa a gwiwar hannun hagu. Wannan tiyata ta 1974 yanzu sunan Tommy John take amsawa, ta kuma ceci sana'ar ɗaruruwan masu jifa.

Fernando Valenzuela kuwa auta ne cikin 'ya'ya 12, daga wani ƙaramin ƙauye a jihar Sonora ta Meziko. A 1981, yana ɗan shekara 20, ba ya jin Turanci, aka ba shi wasan buɗe kaka saboda wanda aka shirya ya ji rauni. Ya ci wasanninsa 8 na farko a jere, 5 daga ciki ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Nemi tsohon bidiyonsa ka kalla: gajere ne mai jiki, in ya ɗaga ƙafa zai yi jifa sai idanunsa su juya sama kamar mai addu'a, bai ko kallon mai bugu sai ƙwallon ta kusa barin hannunsa, kuma ta lanƙwasa ta ɓangaren da ba a zata ba. Al'ummar Meziko ta Los Angeles, wadda da yawanta suka ƙaurace wa filin saboda Chavez Ravine, ta cika shi maƙil. Bai goge abin da aka yi ba, amma tun daga lokacin ƙungiyar ta zama tasu. Ya rasu a Oktoban 2024, kwana uku kafin a fara World Series.

Sauran zan ratsa su da sauri. Maury Wills ya saci tasha 104 a 1962, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba, har Giants, wadda ita ma ta ƙaura zuwa San Francisco, ta riƙa jiƙa ƙasa da ruwa don ya kasa gudu. Tafawar nan da ake yi hannu a sama, galibi ana danganta farkonta ga Dusty Baker da Glenn Burke na Dodgers a 1977. Kirk Gibson ya fito yana ɗingishi a 1988 ya yi hom ran ɗin da ya ci wasan farko na World Series. Vin Scully ya yi kaka 67 yana sharhin wasanninsu, daga 1950 zuwa 2016. Chan Ho Park ya zo daga Koriya ta Kudu a 1994, Hideo Nomo daga Japan a 1995, shi ya buɗe hanyar da 'yan Japan ke bi har yau. Sun kuma yi ɓarna: sun bari Roberto Clemente ya suɓuce musu a 1954, sun yi musayar Pedro Martínez a 1993, dukansu sun zama manyan gwanaye a wasu wurare.

Maganar kuɗi

Yanzu ga hujjar abokinka. A 2011 ƙungiyar ta shiga kotun fatara. A 2012 wasu attajirai suka saye ta a kan dala biliyan 2 da ɗoriya, cikinsu har da tsohon gwarzon ƙwallon kwando Magic Johnson da Todd Boehly, wanda masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani a Chelsea. Suka ƙulla yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 8 na shekara 25. Besbol ba ta da iyakar albashi, haraji kawai ake ɗora wa wanda ya wuce wani mizani, su kuma suna biya. A Disambar 2023 suka ɗauki Shohei Ohtani, ɗan Japan mai jifa kuma mai bugu, a kan dala miliyan 700 na shekara 10, aka jinkirta biyan miliyan 680 sai bayan kwantiragin ya ƙare. Yoshinobu Yamamoto, mai jifa ɗan Japan, ya biyo baya a kan miliyan 325. Ƙananan ƙungiyoyi da ke kukan ba a yi musu adalci suna da gaskiyarsu.

Sai dai kuɗi yana kai ka bakin ƙofa ne kawai. Daga 2013 zuwa 2025 ba su fasa kaiwa zagayen kifuwa ɗaya ƙwala ba, amma sai 2020 suka ci kofi, bayan shekara 32 babu. A 2022 sun ci wasa 111, San Diego ta kore su a karon farko. New York Mets ta kashe kuɗin da ya fi na kowa a 2023, ta gama da faɗuwa 87 da nasara 75. Kuma manyan ginshiƙan Dodgers da dama ba sayo su aka yi da tsada ba: Clayton Kershaw da Will Smith renon gida ne, Justin Turner da Max Muncy kuwa wasu ƙungiyoyi ne suka sallame su aka tsince su. Ohtani da Yamamoto ma ba don kuɗi kaɗai suka zo ba, wasu sun yi tayi makamancin haka, amma wannan ita ce ƙungiyar da yaran Japan suka tashi suna kallo tun zamanin Nomo. A 2024 Ohtani ya yi hom ran 54 ya saci tasha 59, ba wanda ya taɓa haɗa 50 da 50 kafinsa, suka doke Yankees. A 2025 suka doke Toronto a wasa na 7, Yamamoto ya fito ya rufe wasan washegarin ranar da ya yi jifa a wasa na 6, Will Smith ya yi hom ran ɗin nasara a zagaye na 11, bayan an yi kunnen doki a zagaye 9 aka ƙara. Kofinsu ya zama 9, Yankees na da 27.

In kana son ka fara kallo, ka sani lokacin kaka Los Angeles tana bayanmu da awa 8. Wasan ƙarfe 7 na yammarsu ƙarfe 3 na dare ne a Zariya, yakan ƙare wajen asuba. Ka nemi wasannin ranar Lahadi, da yawansu ƙarfe 1 na ranarsu ake farawa, wato 9 na dare a nan, kuma ka fara da wanda za su kara da San Francisco Giants.